Jika 3 a wata: abin da na gani a wurin karatun dare na unguwarmu

Tun da aka fara shirin komawa lakwal, duk wanda ya kawo ɗinkin kayan makaranta shagona sai ya ɗora da tambaya: wai wurin nan da ka kai yaranka karatun dare, yana da amfani ko cin kuɗi ne kawai? Ga keke na jira, ga baki ya gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Ni tela ne a Zango, nan Damagaram. Bokona a katiriyem ya tsaya, don haka kada wani ya sa ran zan auna masa zurfin ilimin malamai. Abin da mai biyan kuɗi ya gani a shekarar karatu guda zan faɗa, da yara biyu: ɗana da ke turwaziyem yana shirin BEPC, jarrabawar gama kwaleji, da ɗiyar ƙanwata da aka kawo mini riƙo daga wani ƙauye na wajen Matamaye, tana tarminal D, wato ajin ƙarshe na lise a ɓangaren kimiyya. Ba zan kama sunan wurin ba. Akwai maganganun da ba za su yi wa wasu daɗi ba, kuma 'yan unguwa ne, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci.

Wurin ba gini ba ne na a zo a gani. Gidan wani tsohon daraktan lakwal ne da ya yi ritaya. Ya ware zaure da ɗaki biyu na waje, ya kafa rumfar kwano a fili. Teburan irin na lakwal ne masu haɗe da benci, waɗansu an ɗaure ƙafafunsu da waya. Allo uku, biyu na siminti a jikin bango, ɗaya na katako da ake jinginawa. Abin da ya fi komai tsada yana bisa rufi: pano biyu na hasken rana da batir. Mutanen unguwa ne suka yi karo-karo suka saya a 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turo mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Har yau, ko garin ya yi duhu ƙirin, fitilun wurin na ci, ka ga yaran da ba ma a rubuce suke ba sun jeru a bakin ƙofa da kayensu suna cin arzikin haske. Darakta ba ya korar su.

Ana shiga bayan sallar isha'i, a tashi ƙarfe 10, Litinin zuwa Alhamis, sai Asabar da safe. Ɗan lise jika 3 a wata, ɗan kwaleji jika 2. Marayu ba sa biya. Akwai asusun da wasu 'yan Kasuwar Dole na unguwar ke zuba wa abin da ya sawwaƙa. Idan ka san abin da malami ke karɓa in ya biyo yaro har gida, ka san wannan araha ce. Amma jika 3 ɗin nan kuɗin ƙofa ne kawai. Sauran farashin a cikin gidanka za ka biya shi, kuma a nan ne wurin ya bambanta da duk wani kur, wato karatun ƙari na kuɗi, da na sani a garin nan.

Kowane yaro ana ba shi ƙaramin kaye. Duk dare malami ya rubuta lokacin da ya iso, da aikin da aka ba shi, da ko ya yi na jiya. Duk mako biyu, ranar Juma'a da la'asar, dole wani babba na gidan ya kawo kayen da ƙafarsa: uba, uwa, kawu, gwaggo, ko yaya. Ba a karɓar sa hannu, ba a karɓar saƙo. Darakta ya zaunar da kai a tabarma, ya sa tabarau, ya karanta maka abin da ke ciki da Hausa. Wanda bai taɓa shiga aji ba ma zai tashi ya san halin da ɗansa ke ciki. Na ga tsohuwa mai sayar da ƙosai tana zaune ana karanta mata na jikanta, tana kaɗa kai tana cewa, “To ashe ranar Laraba ba nan ya zo ba.”

Zamana na farko da shi, na shirya jin maganar lissafi da fizik. Ko ɗaya bai taɓo ba. Ya rufe kayen yarinyar ya dube ni.

“Malam tela, wa ke tarar ruwa a gidanka?”

Na ce ita ce, tare da maman yara.

“Ƙarfe nawa famfonku ke kawowa?”

Na ce ya danganta, wani lokaci biyun dare, wani lokaci uku, wani lokaci a kwana biyu bai ɗiga ba.

“To, mai tashi ƙarfe 2 ta cika jarkoki, ta tafi lise da safe, ta dawo ta yi wanke-wanke, ita ce kake so ta zauna nan ƙarfe 9 na dare ta gane lissafi? Barci take yi a teburin baya. Ba na ganin laifinta.”

Daga nan ya jero sauran: tana cin abinci kafin ta fito? Tana da inda take ajiye littattafanta da ƙanana ba sa taɓawa? Akwai wanda ke tambayarta me aka yi yau, ko da ba zai gane amsar ba? Ya ce wannan ta ƙarshen ita ce mafi arha kuma ita aka fi ƙyalewa. A cewarsa, a shekarun da ya yi yana riƙe da lakwal, bai ga iyayen da suka iya faransanci sun fi sauran fitar da yara ba sai in sun haɗa da sa ido. Yaron da ya san akwai mai jiran labarinsa a gida daban yake zama a aji.

Duk ɗan Damagaram ya san maganar ruwa ba ƙarama ba ce. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Da zafi ya kama, daga Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da ɗan jarrabawa ya fi buƙatar natsuwa, sai famfo ya koma na dare, 'yan garuwa su ƙara kuɗin jarka. Kuma kowa ya san wanda aikin ke faɗa wa a gidajenmu: 'ya mace, musamman wadda aka kawo riƙo daga ƙauye saboda babu lise a garinsu. Ba a faɗa da baki, amma da aikinta take biyan masauki. Sharaɗin darakta shi ne a ɗauke mata ruwan dare da girkin yamma a ranakun karatu har a gama bak, jarrabawar gama lise. Na yarda. Da na zauna na yi lissafi a watannin zafi, abin da na ba ɗan garuwa ya zarce kuɗin kur ɗin yaran biyu a haɗe. Girkin kuwa kan maman yara ya koma, kuma ba da murna ta karɓa ba. Ta ce, “Maigida, kai da darakta kun yi shawararku a tabarma, ni ce zan biya a murhu.” Gaskiyarta. Duk mai shirin kai 'yarsa wurin nan, ya fara zama da matar gidan, domin rabin abin da ake kira tallafin iyaye a hannunta zai fita.

Ba kowa ke jure wannan tsari ba. Akwai wani ɗan kasuwa mai hali da ya aiko yaron shagonsa da kuɗin wata uku a ambulan, da kayen ɗansa. A gabana darakta ya buɗe ambulan ɗin, ya ƙirga, ya mayar, ya ce wa yaron, “Ka gaishe da Alhaji, ka ce masa kuɗin sun cika, shi ne bai iso ba.” Mako biyu bayan haka sai ga uwar yaron ta zo da kanta. Ni wannan taurin kai ya burge ni, ko da yake na ji masu cewa wulaƙanci ne, kuma na san direban babbar mota ko mai tafiya cin rani ba zai iya zuwa duk mako biyu ba. Ga irin waɗannan yakan karɓi maƙwabci ko limamin layi a madadin uba. A makarantun gwamnati akwai COGES, wato kwamitin kula da makaranta, akwai ƙungiyar iyayen yara, amma taron da nake zuwa yawanci na mutum ɗari ne a fili, a yi maganar kuɗin rumfa da tebura a watse. Ba a taɓa buɗe mini kayen ɗana a can ba.

Abu na biyu da na yaba shi ne yadda aka warware maganar dawowa da dare. Ƙarfe 10 ba lokacin yawon budurwa ba ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana iyaye da yawa barin 'ya'yansu mata. A kwanar layin akwai fadar samari, masu shayi har tsakar dare, irin waɗanda uba ke fargaba. Darakta bai kai ƙararsu ko'ina ba. Zuwa ya yi ya zauna a bencinsu, ya sha shayinsu, ya ce ƙannenku ne, na ba ku amanarsu. Yanzu duk dare biyu daga cikinsu ke raka ayarin 'yan matan da tocila, gida-gida, sai an rufe ƙofa su juya. A shekarar nan ban ji an yi ƙorafi a kansu ba. Iyakar abin dai layukan kusa ne. Wadda ke zuwa daga Karkada ko Tudun Jamus sai an biya mata kabu-kabu, ko wani na gida ya zo da moto, kuma na san 'yan mata biyu da suka daina zuwa a kan haka.

A tsakiyar shekara maganar aure ta taso daga ƙauye. Mijin ƙanwata ya kira ni ya ce an zo neman yarinyar, mutumin kirki ne, ga shekarunta sun kai, ga sa'o'inta duk da goyo. Ba baƙon abu ba ne. Ƙididdigar UNICEF ta ce kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Akwai dokar Disamba 2017 ta kare karatun 'ya mace, amma shi bai taɓa jin labarinta ba, kuma ba da takarda ake shawo kan suruki ba. Yarinyar ta same ni a shago ta ce, “Kawu, wata biyar ne fa ya rage.” Da na kai wa darakta maganar, bai ce zai je ba, ya ce bakin ɗan boko ba zai shiga kunnen mutumin ba. Ya haɗa ni da wata hajiya ta ƙungiyar iyaye mata masu kula da karatu, wadda 'yarta ungozoma ce a asibiti. Ita ta hau mota da maman yara suka tafi, suka kwana, suka yi magana da kakar yarinyar, kakar ta yi magana da ɗanta. Aka tsaya a kan a jira sakamako. Ba a fasa auren ba, an ɗage ne, kuma har yanzu maganar ba ta mutu ba. Wannan hidima ba ta cikin jika 3. Ban biya ko dala ba in ban da kuɗin mota.

Yanzu koyarwar kanta. A tarminal D darussa uku ne ke da nauyi, lissafi, fizik da shimi, da SVT, wato ilimin halittu da na ƙasa. Wanda ya faɗi a cikinsu da wuya sauran su ɗaga shi ya kai 10 bisa 20. Mai koyar da lissafi ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, ɗan unguwar, wanda shi ma a wannan rumfa ya yi shirin bak ɗinsa. Na tsaya ta taga na kalle shi. Yakan rubuta aikin da faransanci, ya juyo ya warware shi da Hausa tsantsa, har da misalin awon hatsi da tiya, sai ya ga fuskoki sun saki, sannan ya sa su maimaita da faransanci domin da shi za a tambaye su. Tun 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, amma takardar jarrabawa ba ta canza harshe ba, kuma shi ya san haka. Ba ya barin allo sai ya fito da mafi rauni ya riƙe alli. Shi kaɗai ya ci kuɗin.

Na fizik kuwa matsala ne. Malamin kwantiragi ne a wata makaranta, kuma na ji wurare uku yake bi da dare. Ya iya aikinsa, yara sun shaida, amma yakan iso saura rabin awa a tashi, gumi sharkaf, ya cika allo da sauri ya hau moto. Watan da albashi ya makara sai ya ɓace gaba ɗaya. Ban ce ba shi da uzuri ba, iyali gare shi. Amma ba a rage mana ko dala ba saboda darasin da ba a yi ba, kuma darakta, mai tsauri ga iyaye, sai ya yi laushi a gabansa, wai samun malamin fizik a farashin nan wuya ne. Na SVT shifta kawai yake yi, abin da ke cikin kayen lise ya sake karanta musu. 'Yan seri A, masu ɓangaren adabi, kuma 'yan rakiya ne: falsafa sau ɗaya a mako, tarihi da labarin ƙasa sai an ga dama. Maƙwabcina ya cire ɗansa a kan haka, kuma ban ga laifinsa ba.

Akwai ƙananan abubuwa masu cin rai. Kuɗin fotokopi daban ne, dala 20 yau, dala 40 jibi, ba a gaya maka tun farko. Makewayi ɗaya ne, maza da mata, ƙofarsa buhu, ruwa sai an ci sa'a. 'Yan mata da yawa riƙewa suke yi har gida. Da azumi tsarin ya rikice, tarawihi ya ci lokacin dare, aka mayar da karatu bayan la'asar lokacin da kowa ya galabaita. Sai babbar: daga Afrilu masu fafe gora ranar tafiya suka cika wurin, aka karɓe su duka. Ajin da ake zama uku a tebur ya koma biyar, waɗansu a ƙasa, ga zafi ya haura 40, ga kwano a sama. Wanda ya fara tun Oktoba shi ya yi asara, domin malami ya koma baya yana jan sababbi. A gefen alheri, duk ranar da yajin aiki ya rufe makarantu, darakta kan buɗe da safe ba tare da ƙarin kuɗi ba, yara su yi aiki rukuni-rukuni, manya na taimakon ƙanana. A shekarar da aka yi asarar makonni, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sakamako ya rabu biyu a gidana. Yarinyar ta fara shekara da 8 da ɗoriya, ta gama zango na biyu da 11. A bak ba ta wuce a zagayen farko ba, sai a na biyu, amma ta wuce. Wanda ya san jarrabawar nan ya san nauyin haka. A 2021 waɗanda suka samu a ƙasar duka ba su kai kashi 25 cikin ɗari ba. Ranar da aka kira sunanta, har 'yan fada sai da suka zo gaisuwa, aka yi musu shayi.

Ɗana bai samu BEPC ba. Gida ɗaya, fitila ɗaya, kayensa na nuna yana zuwa yana yin aiki, ba ya makara, an karɓe masa salula a ranakun karatu, ba shi da aikin ruwa tun asali. Sai a watan Mayu mai lissafin nan ya ja ni gefe ya ce, “Baba, yaron nan ba lissafi ne ke ba shi wuya ba. Tambayar ce ba ya ganewa.” Ya ba shi sakin layi ɗaya ya karanta a gabana. Ya karanta, kalma bayan kalma, yatsa a kan layi. Aka ce ya faɗi abin da ya karanta, ya yi shiru. Giɓi ne tun na firamare, ajin mutum da yawa, ana ta tura shi gaba. A nan nake da babban ƙorafi a kan wurin. Ni ba na sa almakashi a yadi sai na auna mai riga. Su kuwa sun karɓi yaro ba su gwada shi ba, suka zaunar da shi wata bakwai yana kwafe allo. Kayen da nake yabo yana nuna zuwa da yin aiki, ba ya nuna fahimta, kuma yaro mai kunya zai kwafi na abokinsa ya cika shafi. Sa idon gida da na unguwa ya ɗauke wa yarinyar abin da ke tare mata hanya, domin ita da ma tana da tushe. Shi abin da ya rasa, sai wanda zai zauna da shi ya koya masa karatu daga farko, kuma wurin ba shi da wannan.

Ga mai tambaya ko ya kai nasa: in ɗan seri D ne ko C, wato na ɓangaren kimiyya, yana karanta faransanci yana ganewa, gidanku na kusa, kuma akwai babban da zai riƙa zuwa ranar Juma'a, ka kai shi tun Oktoba, ban san inda za ka samu irin wannan a jika 3 ba. In 'ya mace ce, ka shirya kuɗin ɗan garuwa kuma ka nemi yardar uwar gida kafin ka rubuta suna. In ɗan seri A ne, nemi wani wurin. In kana shakkar karatun yaron, ka ba shi takarda ya karanta wa wani wanda ya iya, ya faɗi ma'anarta da Hausa, kafin ka biya ko dala.

Ni na sake rubuta ɗana bana, da sharaɗi. Darakta ya yarda a gwada duk sabon shiga a makon farko, kuma wata malama mai ritaya a layinmu za ta riƙa ɗaukar masu raunin karatu ranar Asabar, a ƙara mata jika ɗaya kan kowane yaro. Maganar makewayi an yanka wa kowane gida bulo biyar, ƙofar ƙarfe kuma wani maƙeri ya ɗauka. Ta malamin fizik ce ba a taɓa ba tukuna. Taron iyaye na farko ranar Juma'a ta biyu bayan komawa ne, kuma mu huɗu mun shirya za mu nemi ko dai a canza shi, ko a riƙa cire kuɗin duk daren da bai zo ba.